In Ɗa Ya Juya Wa Addini Baya, Ina Matsayin Uwa?



Akwai matsalolin da muke iya buɗe baki mu faɗa a gidan biki ko gidan suna, kamar ta kishiya, da ta miji mai ƙwauro, da ta yaron da ya faɗa shaye-shaye. Hatta wadda 'yarta ta yi abin kunya, in ta sami aminiya takan yi mata kuka ta ji sanyi a ranta. To amma akwai wata guda da uwa kan haɗiye ta bar wa cikinta, wato ranar da ɗan da ta haifa, aka yi masa huɗuba a kunne, aka yanka masa rago, ta kai shi makarantar allo da hannunta, zai dube ta ya ce shi fa ya daina yarda da addinin nan, ko kuma ya koma wani. Abin ba shi da yawa a ƙasar Hausa, alhamdu lillahi, amma duk wadda ta ce sam babu shi, to ba a amince da ita ba ne har a gaya mata.

Tun kafin in yi nisa bari in faɗi inda na tsaya, don kada a yi mini gurguwar fahimta. Ni malamar Islamiyya ce, tun da na gama kwalejin ilimi nake koyar da yara da safe, matan aure da yamma. A wurina babu asarar da ta kai asarar imani, kuma ba na cikin masu cewa duk addinai ɗaya ne. Tambayata ita ce, in abin ya auku, Allah Ya kiyashe mu, mene ne ya rage a hannun uwa, kuma mene ne Allah bai ɗora mata ba?

Abin da ya sa na ɗauko maganar shi ne wata baiwar Allah a ajinmu na bayan la'asar, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba. Na nemi izininta kafin in rubuta, kuma ba zan faɗi abin da zai sa a gane ta ba. Na lura ta rame, haddar ma ta daina zama. Ran nan da aka tashi sai ta noƙe har kowa ya watse, ta ce, "Malama, tambaya gare ni, amma ki rufa mini asiri." Ashe ɗanta na biyu ne ya dawo daga jami'a ya daina sallah, da aka matsa masa ya ce tambayoyi sun yi masa yawa, yanzu zuciyarsa ba ta gaskata komai. Uban ya yi masa dukan kawo wuƙa, ya watsa masa kaya waje, ya ce kada ya kuskura ya ga ta ba shi ko ruwan sha. Dangin uban kuma sun sa ta gaba, wai sai ta ɗaga masa nono ta tsine masa. Ta ce, "Malama, in na aika masa da tuwo, na yi tarayya da shi a kafirci ke nan?"

Kusan dukkanmu mun haddace aya ta 256 a Suratul Baƙara, wadda ke bin Ayatul Kursiyyu, wadda ta kore tilastawa a cikin addini. Amma kaɗan ne a cikinmu aka taɓa gaya wa dalilin saukarta, alhali kuwa labari ne na mata 'yan uwanmu. Abu Dawuda ya ruwaito daga Ibn Abbas (R.A) cewa a Madina kafin zuwan Musulunci, macen da ke wabi takan yi bakance cewa in ɗa ya rayu mata za ta mayar da shi Bayahude. Wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu, mu da kakanninmu ke sa wa ɗan wabi suna Ajuji ko Ayashe, wai don mutuwa ta raina shi ta wuce. Uwar da ta binne uku ko huɗu babu abin da ba za ta iya yi ba. To yaran nan sun rayu, sun tashi a gidajen Yahudawa a kan addininsu. Da aka zo shekara ta 4 bayan hijira aka fitar da Banu Nadir daga Madina, sai ga 'ya'yan Ansar a cikin masu ɗaure kaya. Iyayensu, waɗanda yanzu Musulmi ne, suka ce atafau ba za su bar 'ya'yansu su tafi ba. A kan haka ayar ta sauka. A wasu ruwayoyin tafsiri an ce zaɓi aka ba yaran, wanda ya zaɓi iyayensa ya zauna, wanda ya zaɓi Yahudawa ya bi su.

Ki tsaya ki kwatanta abin a ranki, 'yar uwa. Manzon Allah (S.A.W) yana raye, mulkin Madina yana hannunsa, Yahudawan kuma an ci ƙarfinsu. Da ya ce a riƙe yaran da ƙarfi, babu mai iya cewa uffan. Ga uwa a tsaye tana kallon ɗan da ta samu bayan wabi zai bi ayari zuwa Khaibar ko Sham, amma ba a ba ta izinin ɗaure shi ba.

Na san mai karatu za ta ce, Malama, ai waɗancan yaran ba su taɓa shiga Musulunci ba, wanda ya shiga ya fita hukuncinsa daban ne. Haka ne, kuma ba zan ɓoye abin da ke cikin littattafanmu ba. Mafi yawan malaman farko sun fahimci ayar a kan shiga addini ne, kuma mazhabobin nan huɗu sun tafi a kan hukuncin kisa ga namijin da ya yi ridda ya ƙi tuba, Hanafiyya suka ce ita mace tsarewa ake yi. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta kawo hukuncin tare da jinkirin kwana uku na neman tuba. Amma ki ji abin da Muhtasar na Shaihu Halilu ya gindaya a kan kwana ukun nan: ba a barin sa da yunwa, ba a barin sa da ƙishirwa, ba a kuma azabtar da shi. A Muwaɗɗa Malik akwai labarin mutumin da ya zo wa Sayyidina Umar (R.A) daga wajen Abu Musa al-Ash'ari, ya ba shi labarin wani da ya yi ridda aka sare shi nan take. Umar ya yi faɗa, ya tambayi me ya hana a tsare shi kwana uku ana ba shi gurasa kullum ana neman ya tuba, sa'annan ya kai ƙara wurin Allah cewa shi bai halarta ba, bai yi umarni ba, bai kuma yarda ba da labarin ya iso masa. An kuma ruwaito daga Ibrahim an-Nakha'i da Sufyanus Sauri cewa ci gaba ake yi da neman tubarsa ba tare da iyaka ba. A zamanin nan malamai irin su Shaihu Mahmud Shaltut, wanda ya shugabanci Azhar daga 1958 zuwa 1963, da Ɗaha Jabir al-Alwani ɗan Iraƙi, wanda ya rasu a 2016, sun karkata ga cewa hukuncin yana rataye ne da yaƙar al'umma da cin amanarta, ba da sauyin zuciya kaɗai ba.

Ni ba mai fatawa ba ce, ban isa in raba wannan gardama ba. Abin da na riƙe shi ne wurin da duk suka haɗu: babu malami ko ɗaya da ya miƙa wannan hukunci ga uba, ko wa, ko kawu, balle matasan unguwa. Aikin shugaba ne da alƙali, bayan shaidu, bayan an zauna da mutum an warware masa abin da ya shige masa duhu. To in har littafin da ya fi tsanani ya hana a bar shi da yunwa alhali yana hannun hukuma, daga ina aka samo haramcin tuwon uwarsa?

Sa'annan ga dokar ƙasar da muke ciki. Sashe na 38 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowane mutum 'yancin addini, ya kuma ambaci 'yancin sauya shi ƙarara. Da Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a Gusau a watan Oktoba na 1999 a zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura, jihohi suka bi har suka kai 12, dokokin laifuffukan da aka rubuta sun kawo haddin sata da na zina da na shan giya, amma ba su sa ridda a jerin laifuffukan ba. Wato ke nan duk wanda ya ɗauki gora ko wuƙa ya ce zai zartar da hukunci a kan ɗan uwansa, ba shari'a ya tsayar ba, jini ya ɗauka, a wurin hukuma da wurin Allah.

Akwai wani ɓangaren da ba mu cika son a taɓo ba. A shekarun da na yi ina koyarwa, 'yan mata da dama waɗanda suka musulunta sun zauna a gabana, wasu daga ƙauyukan Maguzawa, wasu daga gidajen Kirista. Ina tuna wata da ta zo da kayanta a leda ɗaya, mahaifinta ya ƙone takardunta na makaranta, ya ce in ya mutu kada ta zo kan gawarsa. Ranar babu wadda ba ta yi hawaye ba a ajin. Aka haɗa mata zannuwa da hijabai, wata Hajiya ta ɗauke ta ta riƙe, kowa na cewa wane irin uba ne wannan marar tausayi. To me ya sa in abin ya juyo gidanmu sai mu yi wa mai irin wannan aiki kirarin mai kishin addini? Za ki ce ai ita gaskiya ta bi, shi kuwa ɓata ya bi. Ni ma haka na yi imani. Amma mahaifin yarinyar nan shi ma a ransa gani yake 'yarsa ta ɓata, kuma ashanar da ya ƙyasta ba ta zama hujjar cewa shi ke da gaskiya ba. In har aka wayi gari a ƙasar nan kowane gida yana da ikon murƙushe wanda ya sauya addini, waɗanda za su fara ɗanɗana kuɗarsu su ne masu tahowa wurinmu.

Tarihinmu ma da haka ya fara. Farkon wanda ya yi shahada a Musulunci mace ce, Sumayya mahaifiyar Ammar, kuma laifinta a wurin Abu Jahil shi ne ta bar addinin da ta tarar. Mahaifiyar Sa'ad bin Abi Waƙƙas kuwa makamin uwa ta ɗauko, ta rantse ba za ta ci ba, ba za ta sha ba, sai ɗanta ya bar Annabi (S.A.W), har ta galabaita. Bai bari ba, Alƙur'ani kuma ya umarce shi da ƙin yi mata biyayya a kan shirka tare da kyautata mata zama a duniya. Duk lokacin da na ji an ce uwa ta tsine ko ta ɗaga nono don ta juyo da zuciyar ɗa, wannan matar nake tunawa. Dabarar ba tamu ba ce tun asali, kuma ko a hannun mai ita ba ta ci ba.

A watan Fabrairu na 2018 'yan ta'adda suka kwashe 'yan mata 110 daga makarantar Dapchi a jihar Yobe. Bayan wata guda suka dawo da mafi yawansu, suka riƙe Leah Sharibu, yarinya 'yar shekara 14, don ta ƙi barin Kiristanci. Na yi ta tambayar kaina, shin me suke nema a bakinta? Aya ta 106 a Suratun Nahli ta sauka ne a kan Ammar, wanda aka azabtar har ya furta kalmar kafirci alhali zuciyarsa na natse da imani, kuma ba a kama shi da furucin ba. In kafircin dole bai zama kafirci ba, yaya za a yi shahadar dole ta zama imani? Hausawa na cewa tilas ba ta rasa ɗakin kwana, to amma a cikin zuciya ba ta da ɗaki.

Mu duba ma abin da tilas ɗin ke haifarwa a gida. A 2014 labarin Mubarak Bala ya karaɗe kafofin watsa labarai, lokacin da danginsa a Kano suka kai shi sashen masu taɓin hankali bayan ya ce ya bar addini. Bai dawo ba, sai ma ya ƙara nisa, har ya zama shugaban wata ƙungiya ta marasa addini. Ɗaurin da kotu ta yi masa a 2022 a kan rubuce-rubucensa ne na Facebook da aka ɗauka ɓatanci, wannan kuwa wani babi ne daban, domin barin addini daban, zagin abin da mutane ke girmamawa daban. Wancan ke nan wanda ya bijire a fili. Akwai kuma wanda ya fi ba ni tsoro, shi ne yaron da duka zai sa ya yi laƙwas. Zai koma sahu, wataƙila ko alwala babu, zai yi azumi a tsakar gida ya sha ruwa a ɗaki, kowa ya ce alhamdu lillahi ya shiryu. Bayan shekara biyu a ce a yi masa aure ko ya ƙara natsuwa, a je a ɗauko 'yar mutane a ba shi. 'Yar wa za a ɗauko? Tawa ce ko taki.

A ɗan abin da na gani, yawancin yaran da ke furta irin wannan magana suna da shekara ashirin ko ƙasa da haka, kuma shakka ce ke cin su, ba matsaya suka kai ba. Waya na hannunsu dare da rana, suna karanta shubuhohin da iyayensu ba su taɓa ji ba, su kuma rasa wanda za su tambaya. A nan dole in taɓo mu malaman Islamiyya. A makarantu da yawa yaron da ya ɗaga hannu ya ce, Malam, wa ya halicci Allah, bulala ce amsarsa, har a bi shi da sunan ɗan iska. Alhali wannan tambayar da kanta ta zo a hadisi, an kuma koya mana abin da za mu yi in ta ɗarsu. Sahabbai sun kai kukan waswasin da suke jin nauyin furtawa, Annabi (S.A.W) bai kore su ba, sai ma ya shaida musu cewa wannan nauyin da suke ji shi ne tsantsar imani. Annabi Ibrahim (A.S) ya roƙi Ubangijinsa Ya nuna masa yadda Yake rayar da matattu don zuciyarsa ta natsu, aka kuma nuna masa. Yaron da aka rufe wa baki yana ɗan shekara tara bai daina tambayar ba, wurin tambayar kawai ya sauya. Ranar da kuma aka watsa masa kaya waje, akwai masu jiran sa da ɗaki da abinci da kunnen saurare, kuma ba mutanenmu ba ne.

Abin da na gaya wa waccan baiwar Allah ke nan. Na ce, "Hajiya, ciyar da ɗanki ba kafirci ba ne, tsinuwa kuma kada ki yi, domin bakin uwa kaifi gare shi, kina iya neman mayar da maganar ki kasa. Amma kada ki yi a ɓoye ki ɓata tsakaninki da Alhaji. A samo wanda yake jin nauyinsa." Aka samo yayansa da limamin unguwarsu. An sha fama kafin ya sassauto, ya ce shi dai kada yaron ya kwana masa a gida, amma ya janye maganar abinci da gaisuwa. Har zuwa lokacin da nake wannan rubutu yaron bai koma sallah ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Yana dai zuwa gaishe ta duk Juma'a da yamma, kuma ya yarda yana zama da wani malami mai haƙuri da ke sauraron tambayoyinsa. Ita kuwa takan ce mini hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Alƙur'ani bai bar mu babu misalin irin wannan gida ba. Aya ta 17 a Suratul Ahƙafi ta kawo hoton ɗan da ke yi wa iyayensa tsaki yana ƙaryata tashin ƙiyama, su kuwa abu biyu suke yi, suna neman agajin Allah, suna kuma roƙonsa ya yi imani. Annabi Nuhu (A.S) yana cikin jirgi, ruwa na tasowa, bai fasa kiran ɗansa da lafazin tausayi ba har igiyar ruwa ta shiga tsakaninsu. Shi kansa Fiyayyen Halitta (S.A.W) an gaya masa a Suratul Ƙasas, a kan baffansa Abu Ɗalib, cewa shiryar da wanda yake so ba a hannunsa take ba. Uwar da ta san wannan za ta rage tuhumar kanta da ake sa ta yi, domin da zarar abu ya faru ita ake fara nunawa da yatsa, a ce tarbiyyarta ce.

Saura wadda abin ya faɗa wa ta wajen miji, domin ita matsayinta ya bambanta da na uwa. A mazhabarmu ta Malikiyya riddar ɗaya daga cikin ma'aurata tana raba aure, haka kuma babu gado tsakanin Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Wannan ba abin da za ki yanke wa kanki ba ne a ɗaki don kin ji ya yi wata ɓaramɓarama cikin fushi, ko don maƙwabciya ta ce ai wannan maganar ridda ce. Mun iya saurin jefa kalmar nan, har a kan wanda ya bar wannan ƙungiya ya koma waccan a cikin Musuluncin. Waliyyinki za ki sanar, a je gaban alƙali, a ji ta bakin mijin, a kuma yi maganar 'ya'ya da ciyar da su a can.

Masu sira irin su Ibn Ishaƙ sun kawo labarin Ummu Habiba, Ramlatu 'yar Abu Sufyan, wadda ta yi hijira zuwa Habasha tare da mijinta Ubaidullahi bin Jahshi. A can ya koma Kiristanci, a can kuma ya mutu. Ga ta a baƙuwar ƙasa da 'yar ƙaramar yarinya, miji ya bar addinin da suka baro gida dominsa, uba kuma a Makka shi ne jagoran masu yaƙar Musulmi, babu gidan da za ta koma. Ba a ruwaito cewa Musulmin da ke Habasha sun far wa mijin ba. Ita dai ta rabu da shi ta riƙe addininta da 'yarta Habiba, har Manzon Allah (S.A.W) ya aika wa Najjashi neman aurenta, sarkin ya biya sadakin dinari 400 a madadinsa, ta iso Madina a shekara ta 7 bayan hijira tana cikin iyayen muminai.